Daga Sakkwato Zuwa Mambila Neman Tsiron Malam Attahiru

Litinin: Sakkwato zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gidana a Sabon Gari, jaka a kafaɗa, matsar ganye a hammata. Matsar ganye allon katako biyu ne da tsofaffin jaridu a tsakani, a ɗaure da igiya, a ciki muke danne tsiro har ya bushe. Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar irinta a bayan Malam Attahiru, shi malamin ilmin tsirrai, ni kuwa mai kula da ɗakin busassun ganyaye a makarantar da muka yi aiki tare. Wannan ne karo na farko da na ɗauke ta ba ya gabana.

Ga dalilin tafiyar. Akwai wani ɗan tsiro mai yaɗo da ke fitowa a gefen rafi a ƙasashen tuddai masu sanyi. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A bakin kowane reshe yana fitar da 'yar zangarniya wadda ba ta kai gaɓar yatsa ba, tana kallon ƙasa, idan ta nuna sai ta zubar da ƙura rawaya kamar garin ɗorawa, wannan ƙurar ita ce irinsa. Masana na ce masa likofodiyam. Shekara goma sha takwas da suka wuce Malam ya je Mambila, ya tsinko wasu da zangarniyarsu ta saɓa wa ƙa'ida: wata ta rabu biyu, wata uku, wata kuma ta fasa zama zangarniya ta zarce da tsiro ta sake zama reshe mai ganye, jakunkunan irin sun motse babu komai a ciki. Malam ya yi imani wani sabon nau'i ne da ba a taɓa rubutawa ba. Ya rubuta littafi guda a kansa, ya kuma ƙudurta zai sa masa sunan marigayiya matarsa, Inno.

Aiki da rashin lafiyar Inno suka hana shi komawa. Bayan ya yi ritaya sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidansa da ke unguwar Gidan Dare, kuma a daminar bana aka buɗe akwatin da busassun tsiron suke, aka tarar gara ta cinye su. Masanan da ya aika wa rubutun sun ce ba za su karɓi suna ba sai da tsiron a hannu. Ran Asabar da na je gaishe shi, ya riƙe hannuna da hagunsa mai motsi, maganarsa na fita da ƙyar.

"Haliru, ka tai ka ɗauko mani shi tun ina da rai."

Na yi sallar asuba a masallacin tasha, motarmu ta tashi shida da minti goma. Mu bakwai ne a ciki. Har muka wuce Dange da Shuni ana hira, amma daga Tureta kowa ya yi shiru, sai carbi. Direba bai tsaya ko'ina ba sai a shingen jami'an tsaro, na ƙirga goma sha ɗaya kafin Gusau. A na Talatar Mafara wani soja ya sa na kwance matsar, ya juya jaridun, ya tambaye ni ko ni mai magani ne. Na ce a'a, ganye nake tarawa don karatu. Ya ce to ganyen maganin me? Na ce ba ya maganin komai. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Gusau ƙarfe goma da kwata, kilomita ɗari biyu da 'yan kai daga gida. Sai da muka bar Tsafe muka shiga Funtuwa mutane suka fara buɗe baki. Can muka yi azahar, na ci shinkafa da wake da mai da yaji. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, muka shiga Kano biyar da rabi. Na sauka wajen wani ɗan'uwanmu mai sana'ar nama, aka ba ni tuwon shinkafa miyar kuka, na kwanta da wuri.

Talata: Kano zuwa Jalingo

Bas ce mai mutum goma sha takwas, ta tashi shida da rabi. Ina buɗe baki na tambayi inda zan sa kayana, direban ya yi dariya ya ce Basakkwace ne wannan, a ba shi gaba kada ya ce Kanawa ba su san baƙo ba. Sunansa Ɗanliti, mutum ne mai surutu, ya so ya ji abin da zai kai dattijo Mambila da katako biyu. Na ba shi labari a taƙaice. Da muka wuce Birnin Kudu sai ya ce shi ma mahaifinsa ya yi shekara uku a kwance, ya san yadda buƙatar mai jinya take, ba a tambayar amfaninta.

Mun yi azahar da la'asar a haɗe a Gwambe wajen ƙarfe biyu. Daga Kaltungo hanya ta yi muni, ramuka suka cinye mana awa guda. Mun haye gadar Binuwai a Numan rana na shirin faɗuwa, ruwa ya cika har ya hau gonaki. Jalingo ƙarfe takwas, bayan kusan kilomita ɗari bakwai. Na kama ɗaki a masaukin da ke bayan tasha. Rabi, 'yar Malam da ke jinyarsa, ta kira ta ce tun safe yake tambayar inda na kai, har ya sa ta ɗauko taswira yana bin garuruwan da yatsa.

Laraba: Jalingo zuwa Nguroje

Ƙaramar mota ce, mu shida da buhunan gishiri. Mun tashi bakwai, Bali sha ɗaya saura, Serti ƙarfe biyu. A Mayo Selbe direba ya tsaya ya zuba wa mota ruwa, ya duba birki, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Daga nan hawan dutse ya fara. Hanyar tana nannaɗe dutsen, hagu bango, dama rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Kunnuwana suka toshe. Da muka kai sama sai na ga ƙasa ta buɗe, tuddai kore shar babu itace sai jerin bishiyar turare, shanu jajaye a warwatse, gajimare yana tafiya a ƙasa-ƙasa yana shafar motar. Ni da na saba da zafin Sakkwato, sai da na ɗora riga biyu.

Mun isa Nguroje biyar da rabi. Mai masaukina Alhaji Buhari ne, mutumin Ƙofar Atiku ta Sakkwato, fatauci ya kawo shi nan shekara talatin, yana sayen shanu yana lodawa kudu. Shi ya sauki Malam a wancan zuwan. Ya rungume ni kamar ya san ni, ya ce ya daɗe bai ji harshen gida daga bakin wanda ya taho da shi da ɗuminsa ba. Aka kawo tuwon masara da miyar ganye da kindirmo, aka hura gawayi a ɗaki. Ya ce mutumin da ya raka Malam bakin rafin yana nan da rai, wani dattijon makiyayi ne, Baffa Jidda, kuma ya riga ya aika masa.

Alhamis: bakin rafi

Babur ya kai ni rugar Baffa Jidda ƙarfe takwas, tafiyar minti arba'in. Tsoho ne siriri mai bargo a kafaɗa, Hausarsa gauraye da Fillanci. Ya tuna Malam sarai. Ya ce ranar ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, motar da za ta mayar da shi kuma tana jira, don haka Malam bai fi rabin awa a wurin ba, ya tsattsinko kawunan da ke bakin hanya ya zuba a leda suka juyo a guje.

Muka gangara da ƙafa, minti hamsin. Rafin ƙarami ne, ya ci ƙasa ya yi gaɓa mai tsayin mutum, burtalin shanu ya ratsa ta gefensa zuwa mashaya. Tun daga nesa na gane shi. Ya lulluɓe gaɓar, rassansa a tsaye kamar 'yan bishiyoyi, zangarniyoyin na rataye. Na durƙusa a bakin burtalin, kuma a tafin hannu guda na ga duk abin da Malam ya zana a littafinsa: mai kai biyu, mai kai uku, da wadda ta zarce ta koma ganye. Na fasa ɗaya da farce na sa gilashin ƙara girma, jakunkunan a motse, babu ƙura.  Na ce alhamdu lillahi a fili, Baffa ya yi murmushi.

Malam ya koya mini kada in tsinki kan tsiro in bar gindinsa, ko da yake shi kansa ruwa ya sa ya karya wannan doka. Don haka na kama yaɗon ɗaya daga masu kai biyun, na shiga bin sa da yatsa, ina ɗaga shi daga laka a hankali kada ya tsinke. Ya bar burtalin, ya bi gaɓa, ya shige ƙarƙashin wani kogo da ruwa ya ƙwaƙule, inda saniya ba ta iya sa ƙafa. Na sunkuya na leƙa. Rassan da ke can ciki zangarniyarsu lafiya lau, kai ɗaya, a cike. Na taɓa ɗaya, ƙura rawaya ta zubo mini a yatsa.

Na ce wa raina wataƙila yaɗo biyu ne suka sarƙe. Na koma farko na sake bi. Guda ɗaya ne, taku huɗu da rabi, babu yanka babu haɗi. Na bi na biyu, na uku, har na tara, ruwan sanyi ya kashe mini ƙafafu. Bakwai daga ciki haka suke: ɓangaren da ke fili a karkace, ɓangaren da ke ɓoye daidai. Idan jiki ɗaya na fitar da iri biyu, to ba sabon nau'i ba ne. Tsiron da kowa ya sani ne, wani abu ne ke taɓa kan zangarniyar tun tana ƙarama ya ɓata mata tsari.

Baffa Jidda yana zaune a kan dutse yana kallona. Na nuna masa, na tambaye shi ko ya taɓa lura. Ya ce tun yana yaro ya san na bakin burtali ba ya miƙewa, nan shanu ke takawa, nan kuma wutar rani ke lasa idan an ƙone ciyawa, raɓar sanyi ma nan ta fi sauka. Wanne ne daga cikin ukun, shi bai sani ba. Na ce me ya sa bai gaya wa Malam ba?

"Bai tambaye ni ba," in ji shi. "Kuma na ga yana murna."

Na ciro yaɗo uku cikakku, na naɗe kowanne ba tare da na yanka ba, na jera a jarida na ɗaure. Na kuma tsinki kawuna masu rabuwa guda ashirin na sa daban. Na auna, na rubuta, na ɗauki hoto. Muna hawowa tudu waya ta kama, kiran Rabi ya shigo. Ta ce ga Baba, ta kara masa a kunne. Na ji numfashinsa kafin maganarsa.

"Haliru, ka ishe shi?"

"Na ishe shi, Malam. Yana nan inda kab bar shi."

Na ji yana hamdala yana maimaitawa, Rabi na cewa Baba yi a hankali. Ban yi ƙarya ba, amma ban gaya masa sauran ba. Na tsaya a kan tudun nan da wayar a hannu har Baffa ya yi nisa ya juyo yana jirana.

Juma'a: Nguroje

Na kwana biyu don tsiron ya fara shan iska, ina canza jaridu safe da yamma kusa da gawayi. Bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa wa Alhaji Buhari yaɗo ɗaya, na yi masa bayani. Ya fahimta nan take, ɗan kasuwa ne. Shawararsa ita ce in kai kawunan nan ashirin kawai, in bar dogayen a nan. Ya ce mutumin da ƙafarsa ɗaya ke kabari ba a ƙwace masa abin da ke riƙe da ransa, idan ya so bayan Allah ya yi ikonsa sai in rubuta wa masanan gaskiya. Ya ce ba ƙarya ba ce, jinƙai ne, kuma shi in da mahaifinsa ne, haka zai yi.

Ban musa masa ba, don ni ma tun bakin rafi abin da zuciyata ke raya mini ke nan. Amma da na zo ɗaure kaya na kasa barin su. Na ce zan tafi da duka, in yanke shawara a hanya.

Asabar zuwa Litinin: komowa

Mun bar Nguroje shida da rabi cikin hazo, Alhaji ya haɗa ni da ganyen shayi da zuma na kai wa Malam. Saukar dutsen ta fi hawansa tsoro, amma ban ma lura ba. Jalingo biyar na yamma. Lahadi na sake samun bas ɗin Kano, wani direban ne, bai yi mini magana ba ni ma ban nema ba. A Gwambe, da aka tsaya cin abinci, na zauna a bayan masallaci na kwance matsar don canza jarida. Wuƙata tana aljihu. Yanka uku kawai ake buƙata, kowane yaɗo a raba shi a tsakiya, a zubar da rabin a kwata, babu mai sani har abada. Na fito da ita na buɗe. Na tuna wata rana da wani ɗalibi ya manna ganyen wani tsiro a jikin wani don takardarsa ta yi kyau, yadda Malam bai yi faɗa ba, ya dai zauna ya rufe fuska da hannu. Na mayar da wuƙar. Ba don na gamsu ba, hannuna ne ya ƙi.

Na kwana Kano, Litinin shida da kwata muka kamo hanyar gida. Gusau sha biyu da rabi. Rabi ta kira sau biyu, ta ce ya sa an yi masa aski, an sa masa farar riga, ya ce a jingina shi da bango yana da baƙo. Mun shigo Sakkwato huɗu da minti ashirin, ana fitowa daga la'asar. Ban biya gida ba, na hau babur zuwa Gidan Dare.

Gidan Dare

Na tarar da shi a zaune a kan katifa, an tokare shi da matasai, littafin nasa a gefe. Ya rame fiye da yadda na bar shi kwana tara da suka wuce. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Alhaji Buhari, amma idonsa na kan matsar. Na fara miƙa masa kawunan. Rabi ta riƙe masa gilashi, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ɓarin bakinsa mai motsi yana murmushi. Ya ce wa Rabi ta duba, wannan ne na innarta.

A nan ne ya kamata in tsaya idan zan tsaya. Na buɗe jarida ta ƙasa, na warware yaɗon a kan tabarma a gabansa, daga wannan gefe zuwa wancan. 

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a matso da shi. Ya ɗora yatsan hagunsa a kan mai kai biyu, ya bi yaɗon a hankali, Rabi na jawo masa tabarmar, har ya kai ga masu kai ɗaya. Ya koma farko ya sake bi. 

"Tsiro guda na," in ji shi.

"Awo, Malam."

"Nawa kab bi?"

"Tara. Bakwai haka suke."

Ya jingina kansa da bango ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai, ya shiga gemunsa. Rabi ta dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ta tashi ta fita. Na zauna ina jin kamar ni na kwantar da shi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya tambayi abin da Baffa Jidda ya ce, na gaya masa batun kofato da wuta da raɓa. Ya ce rabin awa ya yi a wurin nan, ya gina shekara goma sha takwas a kan rabin awa. Can ya buɗe ido.

"Da ka yanka shi biyu, da ban gane ba."

"Na yi niyya, Malam. Har wuƙa na buɗe a Gwambe."

"Na sani," ya ce. "Ni ma da na buɗe ta."

Ya kira Rabi ta dawo, idonta jawur. Ya ce ta buɗe shafin farko ta soke sunan innarta. Ta riƙe biron ta kasa. Ya ce to ta ba shi. Da hagu, hannun da bai taɓa rubutu da shi ba, ya ja layi a karkace a kan sunan, sai da ya ja sau uku kafin ya rufe shi. Ya ce in dawo gobe da safe da takarda, akwai abin da za a rubuta, don ko ba sabon nau'i ba ne, ba wanda ya taɓa bin yaɗon nan da yatsa ya faɗi abin da ya gani.

Na isa gidana ana kiran magariba. Iyalina suka ce na dawo lafiya, na ce lafiya lau, na kasa cin tuwon.

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa kowace safiya, yana faɗa da ƙyar ina rubutawa, muka sami shafi huɗu. Ya sa sunana a gaban nasa, na roƙe shi ya bari, ya ƙi. A rana ta goma sha biyu jikinsa ya tsananta, ran Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa, aka yi masa sutura bayan azahar.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a kan hanyoyin nan. Ina gode wa Alhaji Buhari da iyalinsa, shawararsa ta ƙauna ce ko da ban bi ta ba, da Baffa Jidda da ya taka da ni har bakin ruwa, da direbobin da suka ɗauke ni. Rabi kuwa sai ranar addu'ar bakwai ta yi mini magana. Ta same ni a zaure ta ce ta yafe mini, amma da ita aka aika, da ta yanka. Na ce mata na sani, kuma ban ce ta yi kuskure ba. Allah ya jiƙan Malam Attahiru, ya jiƙan Inno, ya sa sun huta.